Gargaɗi kan jabun jakunkunan Cheyenne da ake tallarsu a matsayin kayan tarihi

Masu sayen kayan tarihi ta intanet, a yi hattara. Akwai dillalan da ke tallar jakunkunan fata masu adon duwatsun gilashi, musamman jakar lofe, suna cewa aikin ƙabilar Cheyenne ta Amurka ne na wajajen 1880, alhali jiya-jiya aka ɗinka su. Sabuwar fata suke samu, su jiƙa ta da ruwan shayi ko kofi, su turara ta da hayaƙi, su cusa ƙasa a bakin ɗinki. Masu wayon cikinsu har tsofaffin duwatsu suke warewa daga lalatattun kaya su sake jerawa, don haka tsufan dutse kaɗai ba hujja ba ne.

Zare ne ke tona musu asiri. Matan Cheyenne na wancan zamanin da jijiyar dabba suke ɗinki. Sukan huda saman fatar kawai da basilla, su zura 'yan duwatsu a jijiyar, su kafe, layi bayan layi, har adon ya tashi kamar kunyoyin gona. Shi ya sa idan aka juya cikin jakar ba a ganin zare. Jijiya murɗaɗɗiya ce, wani wuri kauri wani wuri siriri. Ta jabu kuwa zaren roba ne da aka shafa wa kakin zuma, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma narkewa yake idan ya ji wuta.

Sai fatar. Ta asali da ƙwaƙwalwar dabba ake jeme ta, tana da laushi, ba ta sheƙi. Ta masana'anta takan yi warin sinadari, bakin yankanta kuma ya nuna launin toka. Tsofaffin duwatsun Italiya da ake adon jakar asali da su ba sa zuwa girma ɗaya, jajayen cikinsu ma sau da yawa tsakiyarsu fara ce.

Kada a biya sisi sai an ga hoton cikin jakar daga kusa, da takardar da ta nuna hannayen da ta bi, da rubutacciyar yarjejeniyar mayar da kuɗi. Wanda ya ce daga ɗakin kakarsa ya tsinto ta kuma yana gaggawa, a bar masa kayansa.

Dokar Amurka ta 1990 ta hana sayar da sabon aiki da sunan wata ƙabilar asali bisa ƙarya, laifin farko na iya jawo tarar dala 250,000 ko ɗaurin shekara 5. Jaka mai gashin mikiya kuwa, komai tsufanta, saye da sayar da ita laifi ne a can.