Daniyel ko Wahayin Yahaya: Da Wanne Za A Fara?

Littafin Daniyel, da ke cikin Littafi Mai Tsarki (Baibul), yana da sura 12, kuma yana jan mai karatu a hankali. Shida na farko labarai ne: tanderun wuta, rubutu a bango, ramin zakoki. Sai a sura ta 7 dabbobi huɗu suka fito daga teku, abu ya fara wuya.

Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Baibul, mai sura 22, ba ya wannan lallashin. Bayan saƙonni ga ikilisiyoyi bakwai na yankin da yau yake cikin Turkiyya, sai hatimai, ƙahoni da tasoshin fushi, bakwai-bakwai, har kai ya ɗaure. Amma wajen kyau ya yi zarra, musamman sura ta 21, inda Allah yake share hawaye, mutuwa ta kau.

Ni dai Daniyel nake ba sabon shiga. Dabbar Wahayi 13, mai jikin damisa, ƙafafun beyar da bakin zaki, haɗin dabbobin Daniyel 7 ce, waɗanda mala'ika ya fassara da cewa mulkoki ne. Wanda bai san haka ba, lissafin 666, lambar dabbar nan, zai cinye masa lokaci, yana liƙa wa duk shugaban da ya tsana.