Belenios a zaɓen biron ƙungiyar malaman jami'a: abin da yake iyawa da abin da ya bar wa kwamitin zaɓe

Duk ƙungiyar masana da mambobinta ke warwatse a jami'o'in Nijar takan gamu da matsala guda idan wa'adin biro ya cika: ta yaya za a tara mutane su jefa ƙuri'a? Daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500 ne, daga Difa ya haura 1,300, ga kuma waɗanda ke ƙarin karatu a Dakar ko Rabat ko Faransa. Babban taro yakan tashi da mutanen Yamai, da ƴan kaɗan da aka biya wa kuɗin mota, sai tarin takardun wakilci. Malamin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ya tsaya takarar shugaba ko babban sakatare ya san magoya bayansa da yawa ba za su shiga zauren ba.

Shi ya sa ake ta komawa zaɓe ta intanet, kuma akasari da kayan da ba a ƙera su don zaɓe ba. Ƙuri'ar WhatsApp tana nuna wa kowa abin da kowa ya zaɓa, don haka ƙaramin malami ba zai iya ƙin farfesan da ke duba aikin digirinsa ba. Google Forms kuwa, mai fom ɗin yana ganin amsoshi, yana kuma iya goge wadda ya ga dama. Belenios, manhajar zaɓe ta intanet, daban ne, kuma shi ne wannan sharhi zai duba, ta idon ɗan takara da na kwamitin zaɓe.

Masu bincike ne na cibiyar Loria da ke birnin Nancy a Faransa suka ƙera shi, ƙarƙashin cibiyoyin binciken kimiyya na Faransa, CNRS da Inria, da Jami'ar Lorraine. Kyauta ne, lambobin manhajar a buɗe suke ga mai son dubawa, kuma dandalinsu na jama'a yana ɗaukar masu zaɓe har 2,500 a zaɓe guda, adadin da ya ishi kusan kowace ƙungiyar masana a nan. Shafin yana zuwa da Faransanci, tambayoyi da sunayen muƙamai kuma mai tsara zaɓe ne ke rubuta su, da harshen da ya so.

Ga yadda mai zaɓe ke yi. Saƙon imel zai zo masa da adireshin zaɓen da lambar shaida tasa shi kaɗai. Ya buɗe shafin, ya saka lambar, ya zaɓi wanda yake so. A cikin wayarsa ko kwamfutarsa ake kulle ƙuri'ar kafin ta fita, sai a nuna masa wata doguwar lamba ta bin sawu. Daga nan ya tabbatar da kansa da kalmar sirri, ya danna amincewa, ƙuri'a ta shiga akwati. Akwatin a fili yake: kowa na iya ganin jerin lambobin bin sawu, ya duba ko tasa na ciki, amma ba mai iya karanta abin da ke cikin ƙuri'a. A tambayoyi irin na “zaɓi mutum ɗaya”, ana haɗa ƙuri'un ne a kulle, jimillar kawai ake buɗewa. Wannan shi ne ƙarfin Belenios, kuma a nan ba mu da ƙorafi: ɗan takarar da ya faɗi yana da hanyar da zai sa masani ya sake bin lissafin, ba sai ya dogara da rantsuwar kowa ba.

Matakin ƙarshe ɗin nan na amincewa shi ne inda mutane ke tuntuɓe. Wasu da zarar sun ga lambar bin sawu sai su rufe shafin, su ɗauka an gama, alhali ƙuri'ar ba ta shiga ba. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a sanarwar zaɓe: wanda bai ga shafin da ya ce an karɓi ƙuri'arsa ba, bai yi zaɓe ba.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne jerin masu zaɓe, kuma nan ne ya kamata ɗan takara ya zuba ido tun kafin ya buga fosta. Ana shigar da adireshin imel ɗaya a kowane layi. Da zarar an fitar da lambobin shaida, ba a sake gyara adireshi, ba a ƙara suna. Harafi guda da aka yi kuskurensa ya isa ya hana mutum zaɓe. A jami'o'inmu kuwa abin ya fi haka tsanani, don malami ɗaya yakan riƙe tsohon adireshin Yahoo da ya manta kalmar sirrinsa, da na Gmail da yake amfani da shi kullum, da na jami'a da bai taɓa buɗewa ba. Rajistar ma'ajin ƙungiya kuma sau da yawa tsohon ne a cikinta. Idan aka saka adireshi biyu na mutum ɗaya, ya samu ƙuri'a biyu, kuma manhajar ba ta da yadda za ta gane.

Maganin ba na na'ura ba ne. Kwamitin zaɓe ya fitar da jerin na wucin gadi aƙalla mako uku kafin ranar zaɓe, sunaye da sashe, ya ba da kwana goma na ƙorafi, sannan kowane mamba ya amsa saƙon gwaji daga adireshin da yake so a yi amfani da shi. Wanda bai amsa ba a kira shi ta waya. Batun wanda bai biya kuɗin shekara ba, ko yana da ƙuri'a ko ba shi da ita, da ranar ƙarshe ta biya, dokokin ƙungiya ne ke yankewa, kuma a yanke shi kafin a buɗe karɓar takardun takara. In aka bari sai an san su wa suka tsaya, kowane hukunci zai zama kamar an yi shi ne don wani. Haka batun cancanta: ko shugabanci na wanda ya kai wani mataki ne a jerin CAMES, majalisar Afirka da ke tantance matakan malaman jami'a, ko sai wanda ya shekara kaza a ƙungiya, ko wanda ya yi wa'adi biyu zai iya komawa. Belenios duk sunan da aka ba shi zai saka a takarda.

Sai maganar mabuɗai. Idan mai tsara zaɓe ya bi hanya mafi sauƙi, sabar dandalin, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shi, ita ce za ta raba lambobin shaida, ita ce kuma za ta riƙe mabuɗin buɗe sakamako. Wannan ya isa ga zaɓen da ba kowa ke jayayya a kansa ba. In takara ta yi zafi, a naɗa amintattu. Kowane amintacce zai samu mahaɗi nasa, ya ƙirƙiri mabuɗi a kwamfutarsa, ya ajiye fayil ɗin sirrin a wurinsa. Ranar ƙirga kowa zai kawo nasa kason kafin sakamako ya fito. Wanda ya ɓatar da fayil ɗinsa, ba Loria ba, ba kowa ba, babu mai iya dawo masa da shi. Ba tsoratarwa ba ce: a watan Nuwamba 2025 ƙungiyar IACR, wadda mambobinta su ne masanan kimiyyar ɓoye saƙo na duniya, ta soke zaɓen shugabanninta saboda ɗaya daga cikin amintattunta uku ya rasa mabuɗinsa. Su da manhajar Helios suke aiki, wadda Belenios ya samo asali daga gare ta, kuma tsarinsu na lokacin yana buƙatar duka ukun. Dole suka sake zaɓe, suka koma tsarin da biyu cikin uku sun isa.

Belenios yana da wannan tsari na “kaza cikin kaza”, kuma shi muke ba da shawara: biyu cikin uku ga ƙaramar ƙungiya, uku cikin biyar ga babba. Farashinsa shi ne shirin ya fi tsawo, domin amintattun suna bin matakai da yawa, kuma ba a wucewa gaba sai kowa ya kammala na baya. Idan ɗaya yana Agadas rezo ya yanke masa, sauran sai jira. Gara a tsayar da awa guda, kowa yana gaban kwamfutarsa, ana magana ta waya har a gama. Kowane amintacce ya ajiye fayil ɗinsa wuri biyu, a kwamfuta da kuma ƙaramar ma'ajiyar USB da ke kulle a gida. Kada a yi wannan aiki a kwamfutar sakatariyar sashe ko ta shagon intanet. Wajen zaɓen mutanen kuma, kowane ɓangaren takara ya kawo nasa, a cika da dattijo mai ritaya da kowa ya yarda da shi.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Mai tsara zaɓe ba ya ganin abin da mutum ya zaɓa, amma yana ganin wanda ya jefa da wanda bai jefa ba, tun ana cikin zaɓe. Idan babban sakatare mai barin gado shi ne mai tsarawa, kuma yana neman komawa kujerarsa, to yana da jerin waɗanda zai kira da dare, abokin hamayyarsa ba shi da shi. Ɗan takara yana da haƙƙin ya ce asusun tsarawa ya kasance a hannun shugaban kwamitin zaɓe, kuma ko dai a ɓoye wannan jeri ga kowa, ko a raba shi ga dukkan ɓangarori a lokaci guda.

Wajen tsara takardar zaɓe manhajar tana da sassauci. Ana iya cewa a zaɓi mutum ɗaya, ko daga ɗaya zuwa uku kamar na masu binciken kuɗi, ana iya ba da damar farar ƙuri'a, wato wadda ba ta zaɓi kowa ba, akwai kuma hanyoyin jera ƴan takara daga na fari zuwa na ƙarshe. Farar ƙuri'a ce ke haddasa rigima in doka ta yi shiru. A ce mutum 120 suka jefa, ɗaya ya samu 55, ɗaya 50, farare 15. In ba a lissafa farare ba, mai 55 ya haura rabin 105, ya ci. In an lissafa su, bai kai rabin 120 ba, sai zagaye na biyu. Manhajar lambobin kawai za ta fitar. Zagaye na biyun ma sabon zaɓe ne da za a shirya daga farko, ko da yake ana iya kwaso jerin masu zaɓe daga na baya, don haka a sanar da ranarsa tun da wuri. Haka kuma duk wanda ke jeri yana ganin dukkan tambayoyi, saboda haka wakilin reshen Tawa ko na Maraɗi sai an yi masa zaɓensa daban. Akwai damar ba wa ƙuri'ar wani nauyi fiye da ɗaya, wasu kuma kan so su yi amfani da ita don takardun wakilci. Ba mu ga dalili ba. Wanda ke da waya yana iya jefa tasa da kansa, kuma nauyin da ya fita daban yana iya tona abin da mai shi ya zaɓa idan aka duba jimilla.

Ta fuskar rezo, shafin ba ya cin data sosai, amma kulle ƙuri'ar yana ɗan jan lokaci a tsohuwar waya, musamman in tambayoyi sun yi yawa. A yi amfani da Chrome ko Firefox, a guji Opera Mini a yanayinsa na tsimin data. Saƙonnin dandalin sukan faɗa sashen sifam, a gaya wa mutane su leƙa can kafin su ce ba a aiko musu ba. Akwai zaɓi biyu na kalmar sirri: wadda ake aikowa tun farko, da gajera da ake aikowa lokacin jefa ƙuri'a. Ta biyun ta fi tsaro amma tana wahalar da wanda imel ke jinkirin isa wayarsa. Kada a yi zaɓen awa biyu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kuran ke yawan ɗaukewa, a bar akwati a buɗe kwana biyu zuwa uku. A kuma rubuta lokacin rufewa da agogon Nijar ƙarara, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gabanmu da awa ɗaya.

Abin da Belenios bai iya ba, kuma masu shi ba su ɓoye ba, shi ne hana tilastawa. Shugaban sashe na iya cewa a zo ofishinsa a jefa a gabansa, ko a turo masa lambar shaida. Sauƙin da ake da shi shi ne mutum na iya sake jefa ƙuri'a kafin a rufe, ta ƙarshe ce ake ƙirgawa, don haka wanda aka matsa wa da rana zai iya gyarawa da dare. Wannan ma a faɗa wa mambobi, musamman ƙananan malamai da ɗaliban dakta. Dandalin kuma ba fagen yaƙin neman zaɓe ba ne. Takardar manufofin ɗan takara, da tarihin aikinsa, da muhawara, duk sai ƙungiya ta nemo musu wuri, ta kuma ba kowa tsawon shafi da lokaci iri ɗaya.

Sabar tana Faransa, ma'ana adireshin mambobi zai fita ƙasar. Ƙungiya ta sanar da mambobinta wannan, in tana da shakka ta tuntuɓi hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a a Nijar. Ana iya ɗora manhajar a sabar jami'a tun da kyauta ce, sai dai mai kula da sabar zai zama abokin aikin ƴan takara, kuma saƙonnin sabuwar saba sun fi saurin faɗawa sifam. Ga ƙungiya mai mambobi ƴan ɗaruruwa, dandalin jama'a tare da amintattu na gida ya fi kwanciyar hankali. Mako guda kafin ranar, a yi zaɓen gwaji da dukkan mambobi a kan tambaya maras nauyi, kamar garin da za a yi taron shekara, a bi shi har buɗe sakamako da mabuɗan amintattu. Bayan zaɓen gaske kuma a sauke sakamakon da fayilolin akwati a haɗa su da takardar bayanin zaɓe da kwamiti zai sa wa hannu, domin dandalin yana goge tsofaffin zaɓuɓɓuka bayan wani lokaci.