NSD, FTII ko makarantun lungun Andheri: ina za ka kai kuɗinka in aktin kake son koya a Indiya?

Mutum uku ke nan cikin wata ɗaya suna min tambaya iri ɗaya, wai tunda na zauna Indiya wace makaranta ce ta fi in mutum aktin yake son koya da gaske. Na ukun ma har da turo min wata takardar talla mai hoton wani babban jarumi a sama da lambar WhatsApp a ƙasa, wai yaya duba min wannan. Na ce masa ƙanina riƙe kuɗinka tukuna, bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta. Kuma tun yanzu in faɗa muku ba zan yi munafurci ba, ina da wadda nake so, ita ce National School of Drama da ke Delhi, wadda kowa ke ce wa NSD, sauran kuma za mu taɓa su daidai matsayinsu.

NSD ba yau aka fara ba. A 1959 aka kafa ta a ƙarƙashin Sangeet Natak Akademi, wato hukumar gwamnatin Indiya mai kula da kiɗa da rawa da wasan daɓe, sai a 1975 ta tsaya da ƙafarta, ma'aikatar al'adu ce ke ɗaukar nauyinta har gobe. Amma in ka tambayi duk wanda ya san wurin zai ce maka makarantar ta zama makaranta ne a 1962, ranar da aka ba Ebrahim Alkazi ragamarta. Mutumin nan a Pune aka haife shi, mahaifinsa Balarabe ne ɗan kasuwa daga Saudiyya, mahaifiyarsa 'yar Kuwait, ya je Landan ya yi karatun wasa a RADA, shahararriyar makarantar wasan daɓe ta can, ya dawo, kuma shekara goma sha biyar ya yi yana riƙe da NSD har 1977. Ana ba da labarin tsananinsa har yau, ba ya ɗaukar latti ba ya ɗaukar ƙazanta, kuma lokacin da makarantar ba ta da dandamalin kirki ɗalibansa ya sa suka haƙa ƙasa suka daidaita fili da hannunsu suka gina inda za su yi wasa. Shi ne ya riƙa kwasar ɗalibai yana kai su tsofaffin ganuwowin Delhi irin su Purana Qila da Feroz Shah Kotla su yi wasa da daddare a jikin bangon dutse. Ya rasu a 2020. Ni dai duk lokacin da na tuna labarin haƙar ƙasar nan sai in tuna inda na kai nawa kuɗin, amma bari za mu zo nan.

Yanzu makarantar tana Bahawalpur House, tsohon gidan sarkin Bahawalpur ne a Delhi, taku kaɗan daga shataletalen Mandi House. In ka sauka daga jirgin ƙasa na metro a tashar Mandi House za ka gane ka zo unguwar 'yan wasa tun kafin a faɗa maka, ga samari da 'yan mata zaune a gefen titi da kofin shayi ɗan mitsitsi da takardu a hannu kowa yana maimaita layinsa shi kaɗai kamar sabon taɓi. Ni lokacin bikinsu na shekara na shiga, Bharat Rang Mahotsav, wanda suka fara tun 1999, cikin sanyin Delhi mai shiga ƙashi. Kafin a buɗe zauren Abhimanch na tsaya a tsakar gida ina kallon wasu yara biyu suna gwada faɗuwa, faɗuwa kawai fa, ɗaya ya tura ɗaya ya zube, su tashi su sake, na ƙirga sun haura sau ashirin na gaji na daina, kuma babu malami a kansu babu kyamara. Da aka shiga wasan kuwa wata yarinya ta yi magana ƙasa-ƙasa ba makirufo, ni da nake can layin baya na ji kowane harafi. A nan na san wata uku da na yi a Mumbai ban koyi komai ba.

Karatun shekara uku ne cur, difloma ake bayarwa. Shekarar farko kowa tare, motsa jiki da yoga da murya da waƙa da haɗa dandamali da fitilu da kaya, ga karatun wasannin Sanskrit na dauri da na Indiya na zamani da na Turai, daga baya ne mutum zai karkata ko aktin ko ɓangaren tsara dandamali da ba da umarni. Suna da kamfanin wasansu na kansu tun 1964 inda wasu ke shiga aiki bayan sun gama, suna da na wasan yara tun 1989, sun kuma buɗe rassa a Bengaluru da Gangtok da Agartala da Varanasi masu gajeren kwas. Waɗanda suka fito daga cikinta kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, Naseeruddin Shah da Om Puri aji ɗaya suka gama a 1973, Anupam Kher 1978, marigayi Irrfan Khan 1987, Pankaj Tripathi 2004, ga Nawazuddin Siddiqui ga Neena Gupta ga Surekha Sikri. Ka lura da kyau, babu wanda a cikinsu kyau ko ƙirar jiki ta kai shi inda ya kai.

To shiga fa? Nan ne ake yin ta. Sai kana da digiri tukuna, sai ka nuna shaidar ka taɓa fitowa a wasan daɓe aƙalla shida, shekarunka kar su haura talatin, sannan a yi maka gwajin farko, in ka tsallake a kira ka Delhi a yi kwanaki ana juya ku gaban malamai kafin a zaɓa. Shekaru da dama mutum 26 kacal suke ɗauka a shekara, a ƙasar da mutanenta sun haura biliyan. Manoj Bajpayee da kuke gani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba suka mayar da shi. Wanda aka ɗauka kuma gwamnati ce ke ba shi alawus duk wata. Wannan shi ne ma'aunina na farko yanzu ga kowace makaranta, shin tana iya cewa ba ta ɗauke ka ba? In ba ta iyawa to shago ne.

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Yawancin aikin da Indiyanci ake yi, kuma Indiyancin da muka tsinta a fim ba zai kai ka ko'ina ba, sai ka iya karanta rubutunsu na Devanagari ka haddace shafi guda cikin dare, su kansu 'yan kudancin Indiya da ba shi ne yarensu ba sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan. Baƙi sun yi karatu a wurin, musamman daga Nepal da Bangladesh, kuma ƙofar baƙo ta ICCR, hukumar Indiya mai kula da hulɗar al'adu da ƙasashen waje, da ofishin jakadancin Indiya take bi ba ta hannun wani dalali ba. Sannan makarantar dandamali ce ba ta kyamara ba, kuma takardarta ba ta ba ka aiki, Irrfan ya yi shekaru a wasannin talabijin, Nawazuddin ya haura shekara goma yana fitowar minti ɗaya minti biyu kafin a san da shi. In gaggawa kake yi wannan ba gidanka ba ne.

FTII, wato Film and Television Institute of India da ke Pune, ita ce kaɗai zan yarda a ajiye kusa da NSD. Ita ma ta gwamnati ce, an kafa ta a 1960 a filin tsohon sutudiyon Prabhat, kuma ita fim ne aikinta, za ka yi karatu tare da masu koyon kyamara da tace hoto da sauti, kullum akwai ɗalibin darakta mai neman wanda zai saka a aikinsa. Jaya Bachchan da Shabana Azmi da Mithun Chakraborty da Rajkummar Rao duk nan suka fito. Sai dai sun taɓa rufe sashen aktin tun ƙarshen shekarun 1970 ba su sake buɗewa ba sai 2004, wannan kaɗai ya nuna maka inda ɗan wasa yake a lissafinsu. Kuma Naseeruddin da Om Puri sai da suka gama NSD sannan suka tafi Pune, ni ban ga dalilin da zai sa a juya tsarin ba.

Whistling Woods ta Subhash Ghai da ke Film City a Mumbai tana da kayan aiki masu kyau, in babanka na da rijiyar mai bismillah. Actor Prepares ta Anupam Kher gajeren kwas ne, shi kansa mai makarantar shekara uku ya yi a NSD. Makarantar Barry John ana yawan jingina ta da Shah Rukh Khan, gaskiya ne ya yi wasa a ƙungiyar Barry John a Delhi yana saurayi, amma ƙungiyar wasa ce a lokacin ba kwas ɗin da ake sayarwa yau ba.

Yanzu bari in zo kan abinda ya sa na rubuta wannan duka. Lokacin hutun makaranta na tattara kuɗin da aka turo min na haya da na abinci na tafi Mumbai, saboda wata makaranta da na gani a Facebook wai wata uku kuma akwai tabbacin fitowa a fim. Ɗaki ɗaya ne a bene na biyu a Andheri, saman shagon gyaran waya, bango ɗaya madubi ne ɗaya kuma hotunan mai wurin ne da jarumai, sai daga baya na lura duk hotunan a filin jirgi ko bakin otal aka ɗauka, wato tare su ya yi a hanya kamar yadda ni ma zan iya. Ranar farko aka ce in yi gwaji, na karanta layi uku da Indiyancina mai gurguwar ƙafa, mutumin ya miƙe tsaye yana tafi wai bai taɓa ganin baiwa irin wannan ba. Wallahi na ji daɗi, ƙarya nake in na ce ban ji ba. Darasin kuwa kullum ɗaya ne, ka tsaya gaban madubi, yi kuka, yi dariya, yi fushi, a tashi. Mu goma sha wani abu babu wanda aka taɓa ce wa bai yi daidai ba.

Kuɗin makaranta daban, sai aka ce na hotuna kuma dole a wurin mai hotonsu, sai na rajistar suna, sai wai katin ɗan wasa wanda in babu shi ba a barin ka shiga gwaji. Dan Allah ku riƙe wannan na katin da kyau domin da shi aka fi yanka mutane, akwai ƙungiyar 'yan wasa ta gaskiya mai suna CINTAA kuma tana ba 'ya'yanta kati, amma babu mai neman 'yan wasa na gaske da zai ce sai ka sayi kati a hannunsa kafin ya gwada ka, gwaji kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya a gwada ka, ko ka biya a riƙe maka rol, ko ya turo maka takarda mai tambarin babban kamfani ta WhatsApp yana cewa an zaɓe ka alhali ba ka taɓa zuwa gwaji ba, ka toshe lambar kawai kar ma ka tsaya gardama.

Akwai kuma 'yan "ni ɗan NSD ne". Waɗannan sun fi wayo. Makarantar tana yin bita ta makonni a garuruwa daban-daban, sai mutum ya halarci ta wata ɗaya ya samu satifiket mai tambarin, shi ke nan ya buga a allo cewa malaminmu daga NSD yake. Tambaye shi wace shekara ya gama, su wa ye 'yan ajinsa, wane wasa suka yi na fita. Aji na mutum ashirin da 'yan kai ba a mantawa da shi, na gaskiya zai zubo maka sunaye kafin ka rufe baki, na bogi kuma zai fara duba waya. Haka masu cewa suna da hanya a ciki za su sama maka gurbi, ko masu sayar da fom a wani shafi daban, fom ɗin NSD da na FTII a shafinsu na hukuma kawai ake cikawa, kuma babu wanda ke da kujerar sayarwa.

Batun biza ma kar a yi wasa da shi. In makaranta ta ce ka zo da bizar yawon buɗe ido za su gyara daga baya, ba za su gyara ba, kuma bizar ɗalibi ba ta ba ka damar yin aikin kuɗi a fim, in aka kama kai ne za ka yi bayani a FRRO, ofishin rajistar baƙi, ba su ba. Sannan in faɗa maka abinda ba za su faɗa ba, baƙar fata a waccan kasuwar rol ɗin da aka fi miƙo masa shi ne ɗan daba ko mai safarar ƙwaya da ke tsaye bayan mugu ba ya magana, ni ma fitowar da aka yi min alkawari da ta zo irin wannan ce, kuma wai ni zan biya kuɗin motar zuwa wurin. Ban je ba.

Bayan kusan shekara na koma Mumbai wani uzuri na ce bari in leƙa ko zan karɓi ko da kuɗin katin ne, don har yau ban ga katin ba. Mai gyaran waya yana nan, benen yana nan, madubin ma yana nan a bango ba a cire ba, sai dai allon ƙofa ya canza, yanzu ofishin sama wa mutane aiki a Dubai ne. Na tura ƙofar, mutumin nan ne dai zaune da rigarsa mai sheƙi, ya ɗago ya kalle ni sama da ƙasa bai gane ni ba, ya nuna min kujera ya ce in kawo fasfo ɗina ya gani.