Kamfanin da ya taya ni harkar NCA: lakca ta yi, ejan kuwa sai a hankali

Ana ta tambayata kan kamfanin nan da na biya ya taya ni neman zama lauya a Kanada, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, sunansu dai ba zan kama ba.

In a waje ka karanta lauya, kamar ni da na yi digirina a Ingila, ba ka isa ka sauka Kanada ka zura baƙar riga ka faɗa kotu ba, sai NCA, kwamitin da ke tantance digirin lauya na waje, ya duba takardunka ya yanka maka abin da za ka ƙaro. Ni darasi 5 suka ba ni, dokar tsarin mulki, ta manyan laifuka, ta hukumomin gwamnati, tushen dokar Kanada da ɗa'ar aikin lauya, ga kwas ɗin bincike da rubutu a kai. Ko ka yi karatu da kanka ka zana jarabawa, ko ka nemi gurbi a makaranta irin Osgoode ta Toronto ka yi su a aji.

To a nan ejan ɗin kamfanin ya so kai ni ya baro. Tun sakamakon tantancewa bai fito ba yake matsa min in cike fom ɗin LLM, wato digiri na biyu a karatun lauya, wai gurbi zai ƙare, yau imel gobe waya, ni ko sanin darasi nawa za a ɗora min ban yi ba balle in san ko ina buƙatar makaranta. Sannan ya ce in tura wa NCA transkirif ɗina, wato takardar makin jami'a, da kaina, alhali daga jami'arka ake son ya fito kai tsaye, haka na yi ta zaman jiran gawon shanu kusan wata 2. Da na yi magana sai haƙuri, kuɗi kam sun shige.

Amma malamar lakcar kamfanin, wallahi ta ci kuɗinta. Jarabawar NCA da littafi a buɗe ake yi, maki 50 ake nema, sai ka ɗauka banza ta faɗi, ita ta fara cire min wannan tunanin. Ranar farko ta ga not ɗin da na aro wajen wani aboki duk shari'ar Dunsmuir ce ta 2008, kan yadda kotu ke duba hukuncin hukumomin gwamnati, ta ce Malam ajiye wannan, tun 2019 shari'ar Vavilov ta canja lissafi. Ta sa na manna 'yan takardu masu kala a gefen not, ja na gwajin Oakes da kotu ke auna taƙaita haƙƙi da shi, kore na sashe na 7 na Charter, wato kundin haƙƙoƙin Kanada, ta ba ni tambaya ta danna agogo, in na tsaya bulayi a shafuka sai ta ce lokaci na tafiya fa.

Ka sayi lakcar kawai, fom ɗin ka cike da hannunka. Satifiket ɗina na NCA ya fito, yanzu saura jarabawar ƙungiyar lauyoyi ta Ontariyo da neman ofishin da zan yi koyon aiki.