Digirin addini da manufofin gwamnati da na yi a Amurka: abin da na samu da abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya

Wata biyar ke nan da dawowata, kuma duk limamin da ya tambaye ni ko ya nemi wannan karatu, sai na ɗan yi jim kafin in ba shi amsa. Wasu jami'o'in Amurka ne ke haɗa digiri na biyu a ilimin addini, mai shekara 3, da na tsara manufofin gwamnati, mai shekara 2, su dunƙule maka su a shekara 4. Manya irin Harvard da Chicago da Duke suna yi. Ni dai ba a cikinsu na yi ba, tawa ba ta kai su suna ba.

Da rana ɗaya za a auna karatun nan, da na ce kowa ya sayar da gona ya tafi.

A shekarata ta biyu ne, a darasin manufofin kiwon lafiya. Farfesar, wata dattijuwa mai furfura, ta haska taswirar Najeriya a bango, an shafa wa Kano jan launi. Tun kafin ta buɗe baki na san inda aka dosa: shekarar 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin cewa maganin na hana haihuwa. Ta bi labarin tiryan-tiryan, yadda cutar ta tsallaka ƙasashe har ta kai Yaman da Indonesiya, ta ce ga misalin abin da ke faruwa idan malaman addini suka tare wa gwamnati hanya. Ni kaɗai ne mai hula a ajin. Ina ji a jikina ana satar kallona.

Na ɗaga hannu, muryata har rawa take yi. Na ce, Farfesa, ina aka bar 1996? A shekarar ne annobar sanƙarau ta afka wa Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Na ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mutanen da kike magana a kansu iyayena ne.

Na zaci za ta share ni. Sai ta cire tabarau ta ce, "Imam, mako mai zuwa ajin naka ne, minti 40." Har na fara jin daɗi, sai ta ƙara da cewa in zo musu da lissafin yaran da suka shanye a dalilin dakatarwar, in kuma faɗa wa ajin wa zai ɗauki alhakinsu.

Wallahi makon nan ban yi barcin kirki ba. Na shiga neman hujjar wanke malamai, na fito da abin da ya fi ƙarfina. Tsoron mutane yana da tushe, wannan ban janye ba. Amma mimbarin da ya ce kada a karɓa, bai taɓa zama ya ƙirga ƙafafun da suka lanƙwashe ba, kuma ni ma a lokacin ina cikin masu gyaɗa kai a sahu. Na nuna musu yadda Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, da yadda sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shigo aikin daga baya, har aka kai Agustan 2020 da aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Da na gama, wani fasto baƙar fata ɗan Alabama ya miƙe ya ce su ma suna da Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki. Ya ce har gobe tsofaffin cocinsa ba sa sakin jiki da asibiti. Daga ranar muka zama aminai, shi ke kai ni masallaci a motarsa idan dusar ƙanƙara ta yi yawa.

To amma kada wannan ya ruɗe ku, don da na tuna sauran, sai raina ya sake ɓaci.

Sunan haɗin gwiwa kawai ake yi. Tsangayu biyu ne, ofis biyu, kalanda biyu, kai kuma ka zama ɗan kishiyoyi. Darasin ƙididdiga wajibi ne, aka saka shi ranar Juma'a ƙarfe ɗaya na rana. Na je ɓangaren addini, suka tausaya mini sosai, suka ce ba huruminsu ba ne. Na je ɓangaren manufofi, wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ba zan iya matsar da sallar zuwa yamma ba. A makarantar da ke tallan horar da shugabannin addini fa! Dole na ɗage darasin zuwa hutun bazara, na biya kuɗin zango na musamman daga aljihuna, alhali uwargida na gida tana auna masara da gwangwani.

Ɓangaren addinin kuma don fastoci aka gina shi. Darasin wa'azi na coci ne zalla, da ƙyar aka yarda in gabatar da huɗuba a madadinsa. Mun shafe makonni a kan dokar 1954 da ta hana wuraren ibada masu rangwamen haraji tallata ɗan takara. Ina zaune ina tuna yadda ake yi a gida idan zaɓe ya matso, dariya kawai nake yi a ciki. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda fiƙihu ko tauhidi ke haɗuwa da kasafin kuɗi, kai za ka yi ɗinkin da kanka cikin dare.

Ƙididdigar da na tsana ita ce dai ta fi yi mini rana. Yanzu idan shugaban ƙaramar hukuma ya zo masallaci da alkawarin rijiyar burtsatse, nakan tambaye shi a wane layi na kasafi take, kuma wa zai biya gyara idan famfon ya lalace. Kwanan baya wani ya ce, "Allah gafarta Malam, ai da ba haka kake ba."

Takardun guda biyu suna nan a akwati. A ɗaya an rubuta sunan mahaifina daidai, a ɗayar an cinye harafi biyu. Sau uku ina aika saƙo, kowane ofis na cewa in tuntuɓi ɗayan.