Hattara da Mai Sayar da "Gam Ɗin Jirgin Sama" a Gorar Ruwa

Jama'a, musamman ku da kuke ƙera ƙananan jirage da faiba da soso, ko na rimot ne ko kuma irin namu masu burin wanda zai ɗauki mutum ɗaya, akwai wani bawan Allah da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallar gam ɗin ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa ya daskare, da ya ce "na jirgin sama ne". Ba zan kama suna ba, domin sunan shafin nasa ma ya canza sau biyu tun da na san shi. Amma salonsa ɗaya ne. Zai ce ragowar kaya ce da aka fitar daga wani garejin gyaran jirage, shi ya sa yake bayarwa a rabin kuɗi. Zai turo hoton gwangwani mai tambarin Jamus. Sai ka tura kuɗi ya ga alat, kaya ya iso tasha, ka buɗe kwali ka tarar da gorar ruwa biyu, an rubuta A da B da alƙalamin maka a jiki, wato A rezin, ruwan gam ɗin, B kuma mai daskar da shi.

Ni na fara faɗawa. Ina buɗe gorar farko wari ya bugi hancina, irin warin shagon masu gyaran bamba da tankin ruwa. Na ce ƙila haka nasu yake. Na gauraya kaɗan na shafa a kan soson fiffiken da na kwashe mako biyu ina yanka da zazzafar waya. Kafin in wanke hannu, soson ya lotsa kamar an ɗiga wa sukari ruwa. Rezin foliyesta ne. Sinadarin sitairin da ke cikinsa yana narkar da farin soso nan take, ifoksi na gaske kuwa ba ya taɓa shi, kuma warinsa bai kai haka ba. Na kira mutumin, ya ce ni ne ban iya haɗi ba. Na sake kira, ya yi bulokin ɗina.

Tawa ma da sauƙi, don ta tona kanta tun a tebur. Ta wani ƙanenmu a wannan harka ce ta hana ni barci. Shi abin da aka turo masa ifoksi ne, bai ci soso ba, ya daskare, har yana ƙyalli. Ya manna fiffike da gangar jirgi da shi, ya ɗauki hoto yana murna. Da na je wurinsa na ce, "Ƙanena, ina kofin da ka yi haɗin?" Ya ɗauko. Ragowar ta kwana huɗu a ciki. Na sa bakin wuƙa na karce. Gam mai kyau in ka karce shi zai yi farin layi, ya fitar da gari ko ɗan ɓarɓashi, ka ji ƙarar. Wannan sai ya naɗo kamar cingam, farcena ma ya shiga. Da na kai hanci, ga ƙanshin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Ga dukkan alamu ifoksin da ake zubawa a tebur ko daɓen ɗaki ne aka tsinka da tina don ya yi auki. Muka ajiye wani guntu da ya manna a kan bonet ɗin mota da rana tsaka, bayan rabin awa na raba shi da yatsu biyu.

A nan ne mutane ke ruɗuwa: suna ganin in gam ya daskare, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Kowane ifoksi yana da zafin da in ya kai sai ya fara laushi, kuma yawancin waɗanda ke daskarewa a zafin ɗaki suna fara saki ne tsakanin digiri 50 zuwa 60, sai in an gasa su bayan sun daskare. Shi ya sa kusan duk jiragen faiba da ake ƙerawa a gida farare ne. Tun zamanin da maƙerin jirage Burt Rutan ya fito da VariEze a 1975 da Long-EZ a 1979 a Amurka, jiragen da suka yaɗa wannan dabara ta soso da faiba da ifoksi, ake gargaɗin maƙera su guji fenti mai duhu. To ka auna da ranar watan Afrilu a Kano ko Maiduguri, inda iska kanta ke wuce digiri 40. Gam ɗin da aka tsinka da tina, tun kafin jirgi ya bar ƙasa ya riga ya saki.

Wata alamar da ya kamata ta farkar da mu tun farko ita ce awo. Na tambaye shi nawa ake zubawa, ya ce "ka dai kimanta, in kana so ya kama da wuri ka ƙara B." Wannan maganar foliyesta ce, inda ake ɗiga mai daskarwa kaɗan. A ifoksi, ƙarin B ba ya ƙara komai sai rauni, don abin da bai sami abokin haɗuwa ba zai zauna cikin gam ɗin haka nan. Kowane kamfani yana da awonsa a rubuce. Ifoksin MGS L285 na Jamus, wanda hotonsa mutumin ke amfani da shi yana yaudara, giram 100 ne na rezin da giram 40 na mai daskarwa. West System 105 da 205 kuwa biyar da ɗaya ne. Da sikeli ake yi, ba da ido ba. Wanda ke sayar da kaya bai san awonsa ba, bai san abin da ke cikin gorar ba, ko kuma ya sani yana ɓoyewa.

Na san abin da ke ja mu: na asalin tsada gare shi, ga dala, ga wahalar shigo da sinadari ta jirgi. Ni ma shi ya ja ni, araha kuwa ba ta ado. Amma yanzu ko wa zai sayar mini, sai na ga gwangwanin kamfani da murfinsa ba a ɓalle ba, da lambar rukunin da aka sarrafa shi, da ranar ƙarewar wa'adinsa, da takardar bayanin awo da zafin da yake jurewa. Garejin jirage na gaske ba ya karɓar gam sai da takarda, to wanda ya ce daga can ya samo, ina takardar? Ko bayan haka sai na manna guntaye biyu da na goge da samfefa, in bar su mako guda, in sa a rana, in karya. In faibar ce ta yage, madalla. In gam ɗin ya ɓare fes ya bar fuska santsi, ba zai hau jirgina ba.

Ƙanen namu ya sa zarto ya raba fiffiken da gangar a gabana, aikin wata uku. Mun kai rasit ɗin turin kuɗin banki da ofishin 'yan sanda. Shekaranjiya kuma wani ya turo mini sabon talla: hoton gwangwanin nan dai, da ɗan lotsewar da ke gefen murfinsa, amma da sabon sunan shafi da sabuwar lambar asusu.