Shagon juya kaset a Birnin Kebbi: murya ta fito, hoto sai da aka yi gardama

Duk mai tsohon kaset a gindin akwati, ya fito da shi tun zafi da ƙura ba su gama cinye shi ba. Akwai wani ɗan shago ta wajen babbar kasuwar Birnin Kebbi da ke juya kaset zuwa filashi ko memori, yana kuma gyaran tsofaffin hotuna. Mun ba shi aiki bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Aikin murya ya yi kyau ƙwarai. Na hoto kuwa da sauran magana.

Inna ta haura casa'in. 'Yar Kabawan Argungu ce, aure ya kawo ta ƙasar Gwandu tun zamanin En'e, tana nan aka cire Kebbi daga Sakkwato a 1991. A hannun surukarta ta shiga karatun 'yan taru, tsarin nan na koyar da mata da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa, wanda jaji kan ɗauki ilimi a waƙe ta kai wa matan karkara har cikin gidajensu. Ita ce uwar adashen masu turara shinkafa a unguwarmu, ita ake tasa da tsakar dare in naƙuda ta yi tsanani. Lokacin da magidanta ke rufe ƙofa saboda allurar shan inna, ita ke shiga gaba, ma'aikatan suna bin bayanta, don babu mai iya hana ta shiga gida. Ta rayu har ta ji a rediyo, a 2020, cewa an bayyana Najeriya ta rabu da cutar. Duk wannan ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da ta bari kaset-kaset ne da yayanmu ya riƙa ɗauka da rikodarsa ranar Alhamis, in mata sun taru a zaure.

Mai shagon dattijo ne, da alama tsohon mai gyaran rediyo. Bai yi gaggawar jefa kaset cikin na'ura ba. Kowanne sai da ya ɗaga shi a haske, ya juya shi da biro ya ji ko zaren ya manne. Guda biyu sun yi fumfuna, ya buɗe su ya share, ya mai da zaren cikin wani gidan kaset mai lafiya. Wanda ya tsinke ya haɗa shi, ya kuma gaya mini gaskiya cewa 'yan kalmomi za su faɗi a wurin haɗin. Juyawar ba ta da gajeriyar hanya: kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe, kuma sai ya zauna ya saurare shi duka. Saboda haka kada ka zo yau kana son karɓa gobe don taron addu'a. Kuɗin kowane kaset bai kai abin da na yi tsammani ba, gyaran wanda ya lalace ne ake biya daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da ya yi: "Hajiya, in share hayaniyar baya ko in bar ta?" Ya ce in an matsa wajen sharewa, muryar takan koma siririya, ta rasa nauyinta. Muka ce ya rage shuuu ɗin kawai. Yanzu ana jin Inna tana jan baiti mata suna amsawa, ana jin daka a maƙwabta, ana jin ta ta tsaya tsakiyar karatu tana faɗa da wata da ta aurar da 'yarta ba ta gama firamare ba. Ya ba mu kwafi biyu, babba na ajiya da ƙaramin MP3 mai shiga WhatsApp, ya kuma rubuta wa kowanne lamba daidai da ta jikin kaset ɗin.

Hoton kuma yaron shagon ne ke yi a kwamfuta. Mun kai wani baƙi-da-fari da ruwa ya taɓa gefensa. Da aka buɗe mana, ga wata farar mata mai santsin kumatu tana kallonmu. Manhajar ta ɗauki zanen Kabawa da ke fuskar Inna a matsayin ƙarjewar takarda, ta goge shi tas, ta ƙara mata hasken fata. Yaron har murna yake, wai "Mama, ai an fito da ita." Ƙanwata ta ce masa wannan ba uwarmu ba ce. Dattijon ya ba da haƙuri, aka sake ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma sai da na zauna kusa da yaron ina nuna masa da yatsa: gyara gefen da ruwa ya ci, fuska kada ka taɓa.

Wuta ma matsala ce. In ta ɗauke, ba ya juya kaset da janareta, ya ce ƙararsa na shiga cikin sautin, don haka aiki kan yi jinkiri. Wurin zama benci ɗaya ne, mace za ta fi jin daɗin zuwa da safe kafin kasuwa ta cika. Ka tafi da filashinka sabo, ka kuma karɓi kaset ɗinka na asali da hotunanka kafin ka bar shagon.